Kuɗin Tolget: Yadda Na'ura Ke Bambance Sharon da Tirela, da Inda Take Iya Yin Kuskure

Tun watan Fabrairun 2025 da gwamnatin tarayya ta fara karɓar kuɗin tolget a hanyar da ta tashi daga Abuja ta bi Keffi, Akwanga, Lafiya har Makurdi, maganar ta shigo tashoshin mota na Gombe da Bauchi. Dalili kuwa, mai zuwa Abuja daga wannan yanki ta Jos, da zarar ya gangaro Akwanga to ya hau wannan hanya. Farashin da aka sanar a lokacin hawa huɗu ne: ƙaramar mota naira 500, jif naira 800, ƙaramar bas naira 1,000, manyan motoci masu aksil (wato jeren taya) da yawa naira 1,600. An kuma ce ba da tsabar kuɗi za a riƙa biya ba.

Yawancin muhawarar a kan yawan kuɗin ta tsaya. Amma akwai tambayar da ta riga wannan: wa ke yanke hukuncin cewa wannan motar ta 500 ce, waccan ta 800? A tsohon tsari ma'aikacin da ke zaune cikin ɗan ɗaki ne zai leƙo ya duba. A tsarin da ƙasashe da dama suka koma, na'urori ne ke wannan aiki, wani lokaci ma mota na tsala gudu ba tare da ta tsaya ba. Batun ya shafi Gombe da Bauchi kai tsaye, ganin cewa hanyar Akwanga zuwa Jos, Bauchi da Gombe tana cikin manyan ayyukan titi huɗu da gwamnatin Tinubu ta ce ta sa a gaba, kuma Ministan Ayyuka David Umahi ya riga ya bayyana cewa ɗaya daga cikinsu, wato ta Legas zuwa Kalaba, za a riƙa biyan kuɗi a kanta. Ga kuma tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Azare a jihar Bauchi, irin hanyoyin da manufar gwamnati ta ce za a sa wa kuɗi.

Yadda aka rushe tolget, aka kuma dawo da shi

A ƙarshen 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗi a hanyoyin tarayya. Hujjar gwamnati ita ce abin da ke isa baitulmali bai taka kara ya karya ba, kuɗin na zurarewa a hanya. A watan Agustan 2021, lokacin Babatunde Fashola yana Ministan Ayyuka, majalisar zartarwa ta amince da sabuwar manufa: tagwayen hanyoyi kaɗai za a sa wa kuɗi, wato kimanin kilomita 5,000 cikin kusan 35,000 na hanyoyin tarayya, kuma an ɗauke wa kekuna, babura da masu ƙafa uku. Hanyar Makurdi da aka fara da ita, da rancen bankin Exim na ƙasar Sin aka faɗaɗa ta, kuma da kuɗin tolget ake son biyan bashin.

Wannan tarihi ne ya sa na'urar tantance mota ta zama ginshiƙi. Asalin aikinta sa ido ne a kan mai karɓar kuɗi. Idan ma'aikaci ya karɓi kuɗin tirela ya rubuta ƙaramar mota, rarar ta shige aljihu, kuma babu mai ganewa sai in akwai wani abu daban da ya ƙirga abin da ya wuce.

Aji, aksil da layi

Aji shi ne rukunin da aka sa mota domin a san nawa za ta biya. Ana iya gina aji a kan tsawo, tsayi, nauyi, yawan kujeru, ko yawan aksil. A Amurka hukumar manyan hanyoyi ta kasa motoci aji 13, galibi bisa yawan aksil da tazarar da ke tsakaninsu.

Aksil shi ne sandar ƙarfen da ta haɗa tayoyin dama da na hagu a jere ɗaya. Direbobinmu taya suke ƙirgawa, na'ura kuwa jeren taya take ƙirgawa, kuma lissafin yana haɗuwa: mai taya shida aksil biyu ce, tifa mai taya goma aksil uku, tirela mai taya 14 aksil huɗu, mai 18 biyar, mai 22 shida.

Tolget kuma iri biyu ne. Akwai mai shinge, inda aka raba hanya da kankare, kowace mota ta shiga layinta, ta tsaya ko ta rage gudu, sandar ta ɗaga. Akwai kuma wanda babu shinge sam, sai wani ƙarfe mai kama da gada da aka gitta a saman titi, an rataya masa kyamarori da na'urori, motoci na wucewa ƙarƙashinsa a layi biyu, uku ko huɗu a lokaci guda. Hanya mai lamba 407 a Toronto ta ƙasar Kanada, wadda aka buɗe a 1997, tana cikin na farko da suka yi aiki kacokan da wannan tsari. A iri na biyun ne aikin tantancewa ya fi wuya.

Na'urorin da aka binne a kwalta

Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe ita ce zoben waya. Ana yanka kwalta da zarto a siffar murabba'i, a shimfiɗa waya zagaye uku ko huɗu, a rufe da baƙin danƙo. Wanda ya lura da ƙasa a bakin tolget ko gaban wasu fitilun ba da hannu zai ga wannan baƙin zane a tsakiyar layi. Wuta kaɗan ce ke zagayawa a cikin wayar, tana haifar da maganaɗisu. Idan ƙarfen mota ya zo kansa sai yanayin wutar ya canza, kwamfutar da ke gefen hanya ta san akwai mota. In aka jera zobe biyu da tazarar da aka sani, za a samu gudun motar, daga nan a fitar da tsawonta.

Ƙura, duhu ko ruwan sama ba sa damun wannan na'ura, kuma tana da araha. Rauninta shi ne lafiyarta a ɗaure take da lafiyar titi: kwalta ta tsage ko ta lotsa, waya ta katse. Tirela mai dogon baya da ya yi nisa da ƙasa tana iya bayyana kamar mota biyu, motoci biyu da suka manne wa juna a cunkoso su bayyana kamar ɗaya. Sannan rodin da ke cikin titin kankare yana rage mata kaifi, abin da ya kamata a lura da shi tunda ma'aikatar ayyuka ta karkata ga titunan kankare.

Zoben waya na yau da kullum ba ya ƙirga aksil yadda ya kamata. Wannan aikin wani siririn zirin na'ura ne da ake gittawa a faɗin layi, wanda ke fitar da ɗan tartsatsin lantarki duk lokacin da taya ta taka shi. Taku biyu aksil biyu, taku shida aksil shida. Idan aka karkata zirin, yana iya gane ko taya ɗaya ce a gefe ko biyu a haɗe, wanda shi ne ke raba babbar bas da ƙaramar mota duk da kowacce aksil biyu gare ta. Tunda taka shi ake yi dare da rana, yana cinyewa, kuma zafin kwalta yana sauya ƙarfin saƙon da wasu nau'o'insa ke bayarwa. Akwai kuma manyan motocin da ke ɗage aksil ɗaya sama idan babu kaya. Wanda aka ɗage bai taɓa ƙasa ba, na'ura ba ta ƙirga shi ba. Ko za a biya kuɗinsa ko a'a, doka ce za ta faɗa.

Na'urorin da ke kallo daga sama

A tolget mai shinge akan kafa sanduna biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da jerin hasken da ido ba ya gani a tsakaninsu. Mota ta ratsa, ta tare hasken, na'ura ta san inda ta fara da inda ta ƙare, har ta gane ƙarfen da ya haɗa kan tirela da bayanta. Wannan dabara ba ta yiwuwa a buɗaɗɗiyar hanya, don babu inda za a kafa sanda a tsakiyar motoci masu gudu.

Can leza ce ke aiki. Ana rataye ta a ƙarfen sama, tana harba haske ƙasa sau dubbai a daƙiƙa, tana auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Abin da ya fi tsayi, haskensa ya fi saurin dawowa. Tana ɗaukar siffar mota yanka-yanka daga gaba zuwa baya, kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, sannan kwamfuta ta harhaɗa yankan ta fitar da tsawo, faɗi da tsayi. Rada kuwa, wadda ke aiki da igiyar rediyo maimakon haske, ba ta iya fitar da siffa dalla-dalla, amma ta ƙware wajen bin sawun mota da auna gudunta, kuma hazo bai cika hana ta aiki ba.

Sai kyamara, mai aiki biyu. Na farko karanta lambar mota, da taimakon hasken da ido ba ya gani don ta yi aiki da dare. Na biyu gane irin motar daga hotonta, ta hanyar manhajar da aka horar da dubban hotuna. Irin wannan manhaja abin da aka nuna mata ta sani. Wadda aka horar da motocin Turai za ta yi tuntuɓe a kan abin da ba ta taɓa gani ba.

Na ƙarshe ita ce sitikar da ake liƙawa a gilashin gaba, mai ɗauke da ƙaramar ƙwaƙwalwa da eriyar sama ke karantawa. Ita ba ta auna komai. Tana faɗin asusun da za a cire kuɗi ne da ajin da aka yi wa motar rajista. Indiya ta wajabta irin wannan, mai suna FASTag, a manyan hanyoyinta tun Fabrairun 2021. Tunda ana iya ciro sitikar ƙaramar mota a maƙala wa babba, sauran na'urorin ne ke tabbatar da cewa abin da sitika ta faɗa ya dace da abin da ya wuce.

Inda wuyar take a hanya mai layi da yawa

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan ɗan lokaci dole kwamfuta ta haɗa abubuwa uku a kan mota ɗaya: sitikar da eriya ta karanta, lambar da kyamara ta ɗauka, da siffar da leza ta zana. Idan motoci uku suka shiga ƙarƙashin ƙarfen kafaɗa da kafaɗa, ana iya maƙala sitikar wannan a siffar waccan, mai Golf ya wayi gari an cire masa kuɗin tanka.

Direban da ya raba ƙafa a kan layi biyu yana taka na'urorin duka layukan. Doguwar tirela tana iya kare ƙaramar motar da ke gefenta daga kyamara. Aksil ma ba ya ganuwa da kyau daga sama, sai an kafa wata na'ura tana kallo ta gefe, ita kuma motar layin kusa tana tare mata ta layin nesa. Shi ya sa babu wani tsari na ƙwarai da ke dogara da na'ura ɗaya. Ana haɗa su ne, in suka saɓa wa juna a tura hoton ofis, mutum ya duba da idonsa kafin a cire kuɗi.

Kamfanonin da ke sayar da waɗannan kaya sukan yi alfahari da cewa kuskurensu bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A ɗauka haka ne. Hanyar da motoci 20,000 ke bi a rana, kuskure ɗaya cikin ɗari yana nufin motoci 200 kullum. Saboda haka ofishin da ke gyara kuskure yana da muhimmanci daidai da na'urar.

Motocinmu da ƙurarmu

A tsaya a kowace tashar mota a Gombe da safe a dubi Sharon da ta gama lodi. An ɗaga but an ɗaure shi da igiyar roba, buhunan masara biyu ko uku sun leƙo baya, an ɗora katifa a sama, bayan motar ya dusa har ya kusa shafar ƙasa. A idon leza wannan motar ta ƙara tsawo, ta ƙara tsayi, kuma bayanta bai yi kama da na wata mota da ke cikin kundin masana'anta ba. Lambar baya kuma tana kallon sama, ko buhu ya rufe ta. Tun kafin a zo ga lodi ma, Sharon da Sienna ba ƙananan motoci ba ne sosai, ba jif ba ne, ba kuma bas ba. Tsakanin 500 da 1,000 ninki ne, kuma direban da ke bin hanya kullum shi zai ji bambancin. Haka Hilux, a-kori-kura, J5 da motar Kanta: kowacce tana bakin iyaka tsakanin aji biyu.

Wannan gyara a takarda yake farawa. Idan doka ta ce "jif" ta yi shiru, an bar wa na'ura ko ma'aikaci fassara. Idan ta ce mota mai aksil biyu da tsayinta a saman tayar gaba bai wuce kaza ba, an samu ma'aunin da kowa zai iya gwadawa da tef, kuma kayan da aka ɗora a rufi ba za su sauya ajin mota ba.

Sai yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana lulluɓe gilashin kyamara da na leza, tana kuma rage nisan gani. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a wannan yanki, abin da ke wahalar da batura da kwamfutocin da ke cikin akwatin ƙarfe a bakin hanya. Ga lambobin mota da suka koɗe, da waɗanda aka rufe da gangan. Wuta kuma sai dai sola da batir, waɗanda su ma suna bukatar gadi.

Siffa ko nauyi

Duk abin da aka lissafa a sama siffa yake aunawa, alhali nauyi ne ke kashe titi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan aksil ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Tirelar da ta ɗauko siminti daga Ashaka da wadda ke komawa babu kaya siffarsu ɗaya, aksil ɗinsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya, amma abin da suke wa kwalta ya sha bamban. Kuma a farashin hanyar Makurdi tirela tana biyan abin da bai fi ninki uku da ɗoriya na ƙaramar mota ba, alhali ɓarnarta ta ninka ta ƙaramar mota sau dubbai.

Akwai sikelin da ake binnewa a titi yana auna mota tana tafiya. Masu goyon bayansa suna ganin shi ne adalci, kowa ya biya gwargwadon abin da ya ɓata. Masu adawa suna cewa bai kai sikelin tsaye daidaito ba, gargada ko taka birki na iya sauya abin da ya karanta, kuma yana bukatar a riƙa saita shi a kai a kai. Ƙasar Sin ta shafe shekaru tana cajin manyan motoci bisa nauyi, sannan daga Janairun 2020 ta koma ƙirga aksil, ta mayar da sikeli bakin shiga hanya don hana motar da lodinta ya wuce ƙa'ida hawa. Jamus, wadda ta fara cajin manyan motoci a 2005 ta hanyar tauraron ɗan'adam, tana duba ajin nauyi, yawan aksil da irin hayaƙin da mota ke fitarwa. Ga ƙasar da lodin wuce kima ya zama ruwan dare, raba aikin biyu kamar yadda Sin ta yi ya fi sauƙin aiwatarwa.

Masu so da masu ɗari-ɗari

Gwamnati da kamfanonin da ake ba wa hanyoyi suna kafa hujja da toshe zurarewar kuɗi, rage cunkoso, da samun sahihin adadin motoci wanda masu ba da rance ke bukata. Hujja ce mai ƙarfi in aka tuna dalilin rushewar 2003.

Direbobi da masu motocin haya suna duba abin ta wata fuska. Sun riga suna biyan kuɗin ƙungiya da harajin jihohi da ƙananan hukumomi a hanya, kuma da mutum ana iya yin magana, da na'ura kuwa sai an cire kuɗi tukuna a fara neman inda za a kai kuka.

Akwai kuma batun karɓuwa. A lardin Gauteng na Afirka ta Kudu an fara tolget marar shinge a Disamban 2013 da na'urori na zamani. Jama'a da yawa suka ƙi biya, bashi ya taru, a Afrilun 2024 aka daina cajin. Na'urorin suna gane motoci, amma gane mota daban, karɓo kuɗi daga mai ita daban. Inda babu shinge, wanda ba shi da sitika sai an bi shi ta lambar mota, kuma hakan ya dogara da rajista mai inganci. Wannan ne ya sa ake ganin tolget mai shinge, da wasu layuka na masu sitika, shi ya fi dacewa da Najeriya a matakin farko.

Kyamarar da ke karanta lamba tana kuma ajiye tarihin wanda ya wuce, da ranar, da lokacin. Hakan na iya taimakawa wajen gano motar sata. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan bayani, don haka ya kamata yarjejeniya ta fayyace wa ke riƙe shi, har tsawon wane lokaci, da wanda ke da ikon dubawa.

Abin da zai taɓa aljihu

Idan aka raba naira 1,000 ga fasinjoji 14, kowa bai kai naira 72 ba a shinge ɗaya. Tirela mai buhun siminti 600 da ta biya 1,600, kowane buhu bai kai naira 3 ba. Ko ta ratsa shinge huɗu, abin bai wuce naira 11 ba. Duk wanda ya ƙara ɗaruruwan naira a kan buhu ya ce tolget ne, lissafi bai goyi bayansa ba. Nauyin ya fi sauka a kan mai ƙaramar motar haya da ke kai da komo a gajeren zango, da mazauna garuruwan da shinge ya raba su da gonarsu ko kasuwarsu, kuma su ne kuskuren aji zai fi cutarwa. Rangwamen da ake yi wa irin waɗannan yana aiki ne kawai idan tsarin ya iya gane su.

Kafin a kafa shinge a wata hanya ta Bauchi ko Gombe, akwai abubuwan da ƙungiyoyin direbobi da masu motocin haya, NURTW da NARTO, da 'yan majalisar yankin za su iya nema a rubuce: ma'anar kowane aji da ma'auni, gwajin na'urorin da motocin da ke bin hanyar a lokacin hunturu, saƙon waya da ke nuna ajin da aka caji mota, haƙƙin ganin hoton idan an yi jayayya, da wa'adin mayar da kuɗi.

Mai mota shi ma yana da nasa. Lamba ta kasance a fili tana karantuwa, sitika kuma a yi mata rajista da ajin motar na gaskiya. Wanda ya sayi mota a hannu bai sauya takardu zuwa sunansa ba, ko ya sayar bai tabbatar an sauya ba, zai iya shiga rikici, domin duk bashi ko tarar da kyamara ta rubuta, sunan da ke cikin rajista za ta bi.